Zaɓen Tsarin RAID Domin Adana Bayanai a Sabar

Faifan ajiya na kwamfuta, komai ingancinsa, wata rana zai mutu. Shi ya sa ake haɗa faya-fayai da yawa a cikin sabar su yi aiki tamkar guda, don kada mutuwar ɗaya ta tafi da bayanan ma'aikata. Wannan tsari shi ake kira RAID, sunan da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da shi a wata maƙala ta 1988.

Tsarin hawa-hawa ne. RAID 0 yana rarraba bayanai a kan faya-fayan domin sauri kawai, idan ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 yana rubuta abu guda a faifai biyu, kowanne madadin ɗan'uwansa. RAID 5 yana buƙatar aƙalla uku, kuma yana ajiye lissafin cike gurbi: kamar wanda ya san jimillar lambobi biyu 8 ce, ɗaya kuma 3, ba sai an gaya masa ɗayar 5 ba ce. Da haka ake sake gina abin da ya ɓace, matuƙar faifai ɗaya ne ya mutu. RAID 6 yana ajiye lissafin sau biyu, yana jure mutuwar biyu. RAID 10 kuwa yana haɗa kwafi da rarrabawa.

A ɗauki faya-fayai huɗu masu terabait 4 kowanne. RAID 5 zai ba da terabait 12, RAID 6 da RAID 10 kuma 8 kowanne. Arahar RAID 5 tana jan hankali, amma akwai lauje cikin naɗi. Idan an sauya faifan da ya mutu, dole a karanta duk abin da ke kan sauran kafin a cike sabon, kuma a manyan faya-fayai wannan kan ɗauki yini ko fiye. In wani ya gaza a wannan tsakani, an yi asara. Don haka RAID 6 ya fi dacewa da babbar ma'ajiya, RAID 10 kuma da rumbun bayanai mai yawan rubutu.

Bayan zaɓe sai saiti. A inda ake yawan ɗauke wuta, yankewarta ana tsakiyar rubutu kan sa bayanai su saɓa da lissafinsu, saboda haka wajibi ne a sa na'urar ajiyar wuta ta UPS da katin RAID mai batir. A tanadi faifan ko-ta-kwana a cikin sabar, a kunna saƙon gargaɗi, a kuma riƙa duba lafiyar faya-fayan a kai a kai.

Duk da haka, RAID ba ya dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ba ya kare bayanai daga gobara, sata ko manhajar masu neman kuɗin fansa. Ma'aikatar da ba ta da kwafi na daban a wani wuri, ba ta tsare bayananta ba tukuna.