Ɗanɗano Kafin Ciniki



Da aka nemi in yi magana a kan ƙirƙirar wasannin kwamfuta, na yi niyyar in ƙi, domin ni ba gwani ba ne. Amma da na tuna cewa mutum yakan ƙaru da labarin wanda ya faɗi kamar yadda yakan ƙaru da na wanda ya haye, sai na amsa. Maganata a kan abu ɗaya ce, watau ɗan yankin wasa da mai ƙirƙira yake sakin wa jama'a kyauta su taɓa kafin ya gama aikinsa. Turawa na ce masa demo, ni kuwa zan kira shi ɗanɗano, irin wanda mai tsire yake miƙo maka a bakin wuƙa kafin ka ciro kuɗi.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata takwas na yi ina haɗa wani wasa na wayar hannu, na wani yaro mai tsaron gonar dawa, yana korar tsuntsaye da majajjawa. Da aka yi hutu na tafi gida Maska da ɗanɗanonsa, ina ji da kaina. Na tara ƙannena da abokansu a zaure. Abin da ya fara faruwa shi ne wayoyi biyu daga cikin biyar suka ƙi ɗaukarsa, saboda ya yi musu nauyi. Waɗanda ya buɗe musu kuwa suka tarar da dogon rubutu na tarihin yaron da na garinsu, wanda na ɓata makonni ina tsarawa. Kafin a kai ga jifar tsuntsun farko, biyu sun tashi sun tafi ƙwallo.

Kakana yana gefe bisa buzunsa yana kallonmu. Da kowa ya watse ya ce, "Kai ɗan boko, ashe duk karatun naka malamin gona ya fi ka dabara." Na ce, "Da me fa, tsoho?" Sai ya ba ni labarin zamanin shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Ya ce abin da ya jawo manoma ga sabon iri da takin zamani shi ne gonar gwaji, 'yar ƙarama a bakin hanya, inda mai wucewa kasuwa zai ga masara ta yi kore shar kusa da tasa irin ta gida, ya tsaya da kansa ya tambaya. Gani ya kori ji. Tun daga ranar nake auna ɗanɗanon wasa da ma'aunin gonar gwaji, kuma ga abin da na fahimta.

Da fari, gonar gwaji a bakin hanya take. Mai wasa baƙo ne mai sauri, ba ya bin ka bashin haƙuri. Abin da ya fi daɗi a wasanka, shi za ka damƙa masa a cikin mintin farko. A nawa wasan daɗin yana ga wulwula majajjawa da sakinta, amma na ɓoye shi a bayan shafuffukan labari. Da na gyara, sai na sa wasan ya buɗe da tsuntsu ɗaya a kan zangarniya da dutse a hannun yaro, babu bayanin komai. Hannu ya koya wa kansa.

Na biyu, gonar ƙarama ce, amma an yi mata kowane aiki, daga huɗa har girbi. Haka ɗanɗano: gara mataki ɗaya da aka gama sarai, da sautinsa da zanensa da ƙarshensa, da matakai goma masu gurguntaka. A 1993 kamfanin id Software na Amurka ya saki kashin farko na wasan Doom kyauta, mai matakai 9, ya bar mutane su kwafa su ba juna, sauran kashi biyun kuwa sai da kuɗi. Abin da ya sayar da wasan shi ne kashin kyautar cikakke ne, bai yi kama da abin da aka yi da rabin zuciya ba.

Na uku, a san inda za a tsaya. A 2013 Jesse Schell, malami a Jami'ar Carnegie Mellon, ya nuna alƙaluman da ke cewa wasannin na'urar Xbox 360 da aka yi wa ɗanɗano sun yi kusan rabin cinikin waɗanda aka tallata da hoton bidiyo kawai. Wannan gargaɗi ne babba. Mummunan ɗanɗano yana korar mai saye, wanda ya yi yawa kuma yana ƙosar da shi. Mai tsire ba ya ba ka tsinke guda. Amma a wannan shekarar ce kuma wani saurayi, Toby Fox, ya saki ɗanɗanon wasansa Undertale, ya nemi gudummawar dala 5,000 a dandalin Kickstarter, jama'a suka tara masa fiye da dala 51,000, wasan ya fito a 2015. Ga babban kamfani mai kuɗin talla, ɗanɗano kasada ne. Ga wanda ba a san sunansa ba, kamar ni da ku, shi ne kaɗai shaidarsa.

Na huɗu, malamin gona yana gwada irinsa a cikin ƙasar da manomi zai shuka shi. Ni a kwamfutata na yi gwaji, alhali mutanena ƙananan wayoyin Android gare su, data da tsada, caji kuma sai an kai shago. Saboda haka a nemi waya mafi rauni a gidan a gwada a kanta, a rage nauyin wasan yadda za a iya tura shi daga waya zuwa waya, a sa ya yi aiki ko babu intanet. Sa'an nan a miƙa wa yaro, a koma bayansa a yi shiru. Duk inda ka ji bakinka yana ƙaiƙayin yi masa bayani, nan ne aibin yake, sai ka rubuta.

Na ƙarshe shi ne gaskiya. Gonar gwajin da aka zuba wa takin da manomi ba zai taɓa samu ba yaudara ce, kuma sau ɗaya ake yi wa mutane ita. Kada ɗanɗanonka ya yi alkawarin abin da ba ka da ƙarfin cikawa. Bugu da ƙari, kada a yi gaggawa. Kasuwar Steam tana shirya bikin ɗanɗano mai suna Next Fest sau uku a shekara, amma kowane wasa sau ɗaya ake yarda ya shiga. Wanda ya kai ɗanye ya ɓarar da damarsa. Gara ya fara ajiye shi a dandalin itch.io, inda ba a biyan ko kwabo, ya ji ta bakin jama'a tukuna.

'Yan'uwa, kayan aikin ba su gagare mu ba. Manhajar Godot kyauta ce. Kamfanin Maliyo na Legas yana wannan sana'a tun 2012, kuma Kiro'o na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016. Labaru kuwa muna da su jingim, tun daga masaƙan Maska da marinanta na dā har zuwa darar da tsofaffinmu ke bugawa a gindin bishiya. Idan ba mu sa su a waya da kanmu ba, ƙannenmu za su girma da na wasu.

A hutun da ya biyo baya na koma zauren nan da sabon ɗanɗano na minti biyar. Yaron da ya fara tashi wancan karo, shi ne ya riƙe wayar har ta mutu, yana tambayata ina sauran. Har yanzu ban gama wasan ba, amma yanzu na san akwai mai jiransa.