Filin Wasanni: Bindigar da ba ta kashe kowa

 

Yau idan aka ce "'yan bindiga" a rediyo, gaban kowa faɗuwa yake. A da kuwa, sunan mutanen da ke gaban Sarki ne ranar hawan sallah a Kano, suna ɗura albarushi suna harba sama, yara na ihu. To akwai wasu masu riƙe bindiga na uku, su ne zancenmu yau: masu gasar harbi, waɗanda abin harinsu takarda ce kawai.

Wasan tsoho ne. Yana cikin gasar Olamfik tun ta farko, a Atina a 1896, kuma hukumarsa ta duniya, ISSF, an kafa ta a 1907. Ka ɗauki harbin mita 10 da doguwar bindigar iska. Babu albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5. Tsakiyar da ake nema kuwa ɗigo ne na rabin milimita, kamar kan allura. Harbi 60 za ka yi cikin minti 75, sannan a ɗebi mutum takwas zuwa zagayen ƙarshe. A wannan matsayi kusan kowa goma yake bugawa, shi ya sa ake ƙirga har ɓurɓushin maki: 10.9 ne ƙololuwa.

Ka ga ke nan ba wasan ƙarfi ba ne. Abokin gabarka numfashinka ne da bugun zuciyarka. Har ta kai an haramta wa maharba magungunan rage bugun zuciya. A Beijin a 2008, Kim Jong-su na Koriya ta Arewa ya ci lambobi biyu, aka gano irin wannan magani a jikinsa, aka ƙwace duka biyun.

Na san da yawanku kun ga hoton nan a WhatsApp a 2024: dattijo mai furfura, hannu ɗaya a aljihu, tabarau irin na kowa, ya miƙa ƙaramar bindiga kamar mai nuna wa baƙo hanya. Yusuf Dikec ke nan na Turkiyya, yana da shekara 51 a lokacin, tsohon jandarma. Shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka ci azurfa, Sabiya ta doke su 16 da 14. Mutane suka yi ta cewa ai kamar daga kasuwa ya biyo. Ina! Zuwansa na biyar ke nan Olamfik. Natsuwar nan ta shekaru ce.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Adriana Ruano ta Guatemala. 'Yar wasan tsalle-tsalle ce, ta ji ciwo a ƙashin baya, dole ta bari. Ta koma harbin faifan da ake cillawa sama, kuma a 2024 ta kawo wa ƙasarta zinariyar Olamfik ta farko a tarihi.

Mu fa? Togo lamba ɗaya gare ta tal, tagullar Benjamin Boukpeti a tseren kwale-kwale, 2008. Nijar biyu: Issaka Dabore a dambe, 1972, da Alfaga a takwando, 2016. Masar kuwa har ta karɓi gasar harbi ta duniya a 2022. Ni a ganina ba ido muka rasa ba, jikokin mafarauta da 'yan baka ne mu. Kaya ne da tsada, kuma a lokacin da arewacin Togo ke fama da hare-hare, ba hukumar da za ta saki jiki da zancen bindiga, ko ta iska ce. Suna da hujja.

Don haka samari, kada wani ya ji wannan shiri ya je neman bindiga a ɓoye, ya ce atisaye yake. Wasan nan a kulob mai lasisi ake yin sa, da koci, da ɗakin da ake kulle kaya. Ɗakin mita 10 ba gagara zai yi ba. Izini ne da amana, kuma ƙofar da za a ƙwanƙwasa ita ce ta ma'aikatar wasanni da kwamitin Olamfik na ƙasa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kokawa ce. Ku huta lafiya.