Abin da Ke Riƙe Ɗan Caca



Duk gidan da caca ta shiga, tambaya guda ake yi: yaron nan yana gani ana cinye shi kullum, me ya hana shi bari? Mukan ce kwaɗayi ne. Akwai kwaɗayi a ciki, amma mai kwaɗayin kuɗi ba ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi don ya sake zuba kuɗin inda ya san ba sa dawowa. Akwai abin da ke faruwa a cikin kansa, kuma masana sun daɗe suna bin diddiginsa.

A 1954, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka dasa siririyar waya a wani yanki na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi maɓallin da in ya taka zai aika ɗan lantarki zuwa wurin. Ɓeran ya yi ta takawa ba ƙaƙƙautawa. A gwaje-gwajen da suka biyo baya, an ga ɓerayen da suka bar abinci saboda maɓallin. Daga baya aka gano cewa hanyar jijiyoyin da ke wannan yanki tana aiki da sinadarin dofamin, wanda ke tasowa daga tsakiyar ƙwaƙwalwa ya isa har sashen da ke bayan goshi, inda ake auna abu kafin a aikata.

An jima ana ɗaukar dofamin a matsayin sinadarin jin daɗi. Aikin Wolfram Schultz a kan birai, a shekarun 1990, ya sauya wannan fahimta. In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin dofamin sai su zabura. In aka saba kunna masa fitila kafin ruwan ya zo, zaburar sai ta koma kan fitilar, ruwan kuwa ya zo ya wuce shiru. In fitila ta kama ruwa bai zo ba, aikinsu ya faɗi ƙasa. Ashe ƙwayoyin nan lissafin tsammani suke yi. A 2003 Schultz da abokan aikinsa suka ƙara gano abin da ya fi shafarmu yau: lokacin da samun ruwan ya zama rabi-da-rabi, ko a samu ko a rasa, a nan ne aikin ƙwayoyin ke ta hauhawa yayin jira, fiye da lokacin da samu ya tabbata. Ku riƙe wannan da kyau. Rashin tabbas shi ne ainihin hajar da kamfanin caca yake sayarwa.

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya raba marmarin abu da jin daɗinsa. Ɓerayen da aka raba da dofamin suna lasar baki in an sa musu sukari, amma ba sa tashi su nemi abinci. Shi ya sa ɗan caca zai rantse maka ya daina jin daɗinta tuntuni, kuma gaskiya ya faɗa, amma gobe ka same shi a wurin cacar.

Ku leƙa shagon cacar ƙwallo da yamma. Ga saurayi riƙe da doguwar takarda, ya haɗa wasa goma, tara sun shigo, na goma ya lalace a mintin ƙarshe. Ba ya cewa an cinye shi. Cewa yake yi, "Wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." A 2009 Luke Clark da abokansa a Cambridge suka nuna cewa irin wannan "saura kaɗan" yana motsa sassan ƙwaƙwalwar da cin gaske ke motsawa. Mutanen da aka gwada sun ce bai yi musu daɗi ba, amma ya ƙara musu son ci gaba. Aljihu ya yi asara, ƙwaƙwalwa ta rubuta kusan nasara. Yanzu kuma shagon ya dawo cikin waya, ba a jiran Asabar, kowane 'yan mintoci akwai sabon wasa.

Hujjar da ta fi girgiza ni daga asibiti ta fito. Wasu masu cutar Parkinson, dattawa da ba su taɓa caca ba, sun tsunduma cikinta bayan an ɗora su a kan magungunan da ke kwaikwayon dofamin, irin su pramipexole, kuma da yawa sun bari da aka rage maganin. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye.

Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. Haramcin caca a addini a bayyane yake, kuma ba duk wanda ya taɓa ta ne ke kamuwa ba. Amma wanda ya kamu ya riga ya san haramun ce. Gori da tonon silili ɓoyewa kawai suke koya masa. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, sai dai wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ba ta da ƙofar da za a garƙame.

Don haka, iyaye da matan aure, in abin ya shigo gidanku, a karɓi katin banki a ba amintacce ya riƙe, a goge manhajar, a daina biyan bashin a ɓoye, domin kowane biya jari ne na sabon zagaye. A kai wanda ya kamu wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba. Kuma a tambaye shi kai tsaye, cikin tausayi, ko ya taɓa tunanin halaka kansa, domin wannan haɗari ya fi yawa a tsakanin waɗanda bashin caca ya yi wa katutu.