Fataucin Ƙasar Tasawa da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa a Labaran Zane



Samarinmu na Tasawa da Mayahi sun kamu da labaran zane na Japan da ake kira manga, a waya suke karanta su. Akwai reshe guda mai suna isekai, inda mutumin zamaninmu kan mutu ko ya ɓace, ya farka a wata duniya ta sarakuna da tsafi. A wasunsu kasuwanci jarumin yake kamawa. A cikin Ascendance of a Bookworm na Miya Kazuki, yarinyar labarin ta gano yadda ake yin takarda, amma sai da aka yi mata rajista a ƙungiyar 'yan kasuwa kafin ciniki ya yiwu. Wannan ƙungiya, da gininta da kuɗin shigarta, daga tsofaffin biranen Turai aka aro ta. Abin da ke damuna shi ne yaranmu masu hannun zane sun fara kwafe ta ɗungurungum, alhali fataucin ƙasarsu ya fi ta abin ba da labari.

A watan Janairu na 1851 matafiyi Heinrich Barth ya iso Tasawa, bayan ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa. A garin nan ya ga ana ƙirga wuri 500,000. Wurin ƙasar Hausa ba a zare yake ba, sai an zube shi a ƙasa a ja shi biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi-tsibi, a ɗura a keso mai cin 20,000. Keso 25 ke nan. A farashin Kano na wannan shekara, wuri 2,500 ke sayen dala ɗaya ta azurfa, wato duk wannan wahala a kan dala 200 aka sha ta. Jarumin manga kuwa jakar tsafi yake da ita, ya zuba zinariya ba nauyi ba ɓarawo. A nan labarin yake rasa gishirinsa, domin nauyin kuɗi shi ya tilasta wa kakanninmu cinikin bashi, bashi kuma ba ya tafiya sai da wanda zai tsaya wa mutum.

Wa ke tsayawa? Mai gida. Baƙon falke ya sauka a zango, mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Dillali ya san wanda ke biya da wanda ke cin amana, ya ƙulla ciniki ya karɓi la'adarsa. Idan mai saye ya noƙe, wuyan mai gida aka kama. Manazarci Abner Cohen ya ga wannan tsari da ransa a Sabo ta Ibadan, ya bayyana shi a littafinsa na 1969: shanun Arewa na shiga hannun mahauta Yarabawa bashi, ba takarda, sai sunan mai gida. Hukuncin macuci kuwa shi ne labarinsa ya riga shi isa zango na gaba.

A hanya madugu ne mai magana. Shi ke tsai da ranar tashi, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da ayari. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun riƙe hanyar goro zuwa Gwanja da asali da auratayya, kuma daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito. Abin da ya fi kusa da ƙungiyar Turawa a wurinmu shi ne sarautun sana'a, Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa, su ma rawaninsu daga fada yake fitowa.

Mai zane kada ya shafa wa wannan tarihi zuma. Cikin kayan da ayari ke kora har da bayi. Dangantakar ubangida da bara, wadda Emmanuel Grégoire ya nazarta a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, tana iya ɗaga yaro ya zama attajiri, tana kuma iya cinye ƙuruciyarsa yana jiran jarin da ba zai zo ba. Marubuci na gaskiya duka biyun zai nuna.

Ba sai an koma ƙarni na 19 ba ma. A kasuwar Mayahi yau, mai sayen wake da kaka lissafi uku yake yi a lokaci guda: farashin tiya a ƙauye, kuɗin mota da shingayen hanya, da yadda naira za ta kwana gaban sefa kafin kaya su kai kasuwar Dawanau ta Kano. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da aka sake rufewa a 2023, mutum kan kwanta da riba ya tashi da bashi. Ga matan bakin Gulbin Kaba masu saƙar tabarma, da adashensu da 'yan tallarsu, waɗanda ban taɓa ganin an zana su a matsayin 'yan kasuwa ba.

Shawarata ga masu zanenmu ita ce su bar jarumin ya farka a zangon Tasawa da damin gishiri da ba nasa ba, babu wanda ya san ubansa. Iliminsa na zamani ba zai sayar masa da kantu ko ɗaya ba sai wani mai gida ya yarda ya sauke shi, kuma mai gidan zai fara tambayar madugun da ya zo da shi. Babi uku na farko a neman wannan yarda za su ƙare.