Gaskiyar da Littattafan Addinai Suka Haɗu a Kanta da Hanyar Sanin Ubangiji

Tambayar ko addinan duniya suna da wata gaskiya mai ɗorewa da suka yi tarayya a kanta ta daɗe a gaban malamai, kuma matsayin wannan lacca shi ne cewa amsarta tana cikin littattafan addinan kansu, ga wanda ya yi haƙurin buɗe su ya karanta da adalci. Malaman usulul fiƙihu, wato fannin da ke binciken tushen hukunce-hukunce da hikimomin da ke bayansu, sun riga sun share fage. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya bayyana a littafinsa al-Mustasfa cewa manufar shari'a ita ce kare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ya kuma ƙara da cewa shari'o'in da aka saukar ba su saɓa wa juna ba wajen haramta kafirci da kisa da zina da sata da shan abin maye. Imam ash-Shaɗibi na Garnaɗa, babban malamin mazhabar Malikiyya da ya rasu a 1388, ya tabbatar a al-Muwafaƙat cewa kowace al'umma mai addini tana kiyaye waɗannan larurori biyar. Ke nan maganar tarayyar addinai a kan wasu tushe ta fito ne daga zauren malamai na da, tun kafin tarukan sulhu na wannan zamani.

Duk wanda ya ajiye ayoyi na 151 zuwa 153 na Suratul An'am kusa da babi na 20 na littafin Fitowa, inda dokoki goma da aka ba Annabi Musa suke, zai ga kamannin da ba ya buƙatar dogon sharhi, domin a wurare biyun an hana haɗa Allah da wani, an umarci girmama iyaye, an hana kisa da alfasha da cin dukiyar wani da karkatar da shaida. Al-Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa ruwaya daga Abdullahi ɗan Abbas cewa waɗannan ayoyi na An'am suna cikin hukunce-hukuncen da ba a taɓa shafe su a wani addini ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda jerin ya sake bayyana a addinin Buda, wanda ya taso a arewacin Indiya ƙarnuka da dama kafin haihuwar Annabi Isa, nesa da zuriyar Annabi Ibrahim. Mabiyin Buda da bai shiga gidan sufaye ba yana ɗaukar alkawura biyar, cewa ba zai kashe rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma sha abin da ke gusar da hankali ba, kuma huɗu daga cikinsu su ne ainihin abin da al-Gazali ya lissafa. Haka nan ƙa'idar so wa ɗan'uwa abin da mutum ke so wa kansa, wadda ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suke haddacewa a hadisi na 13 na Arba'una Hadisan ta Imam an-Nawawi, tana nan a Linjilar Matiyu babi na 7, tana cikin koyarwar Hilel, malamin Yahudawa, da ta Konfushiyas na ƙasar Sin.

Sai dai ɗabi'a ita ce ɓangare mai sauƙi. Wanda ya fi nauyi shi ne sanin Ubangiji kansa, abin da malamai ke kira ma'arifa, wato sani mai zaunawa a zuciya ya gyara aiki, wanda ya wuce haddace sunaye da sifofi. Littattafan Yahudawa da Kirista da Musulmi sun yarda cewa halitta tana nuni ga Mahaliccinta, kamar yadda Zabura ta 19 da babi na farko na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa da ƙarshen Suratu Ali Imrana suka jawo hankali ga sammai da ƙasa da sauyawar dare da rana. Amma dukkansu sun tsaya a kan cewa kallon halitta kaɗai ba ya wadatarwa, domin wanda ya ga sawu a rairayi ya san wani ya wuce, bai kuwa san sunansa ko halinsa ko abin da yake nema a wurinsa ba. Wannan giɓi ne wahayi, wato saƙon da Allah ke isarwa ta bakin annabawa, ya zo ya cike, shi ya sa karatun littafi ya zama ibada a addinan uku.

Abu na farko da littattafan ke faɗa game da Ubangiji shi ne kaɗaitakarsa. Bayahude yana karanta shaidar cewa Ubangiji ɗaya ne safe da yamma daga babi na 6 na Maimaitawar Shari'a, kuma a Linjilar Markus babi na 12, da aka tambayi Annabi Isa doka mafi girma, da wannan shaida ya fara kafin ya zo kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, Musulmi kuwa yana da Suratul Ikhlas wadda yara ke koya tun farkon allo. Na biyu shi ne jinƙai, kuma a nan harshe kansa yana ba da shaida. A babi na 34 na Fitowa, inda aka bayyana wa Annabi Musa sifofin Ubangiji, kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita don mai jinƙai ta fito daga saiwa ɗaya da Rahman da Rahim na Larabci, saiwar da a harsunan biyu take kuma ba da sunan mahaifa, wurin da uwa ke rainon ɗan da bai taɓa yi mata komai ba. Surori 113 daga cikin 114 na Alƙur'ani suna buɗewa da waɗannan sunaye biyu, kuma mai karatu da ya lura da asalin kalmar zai fahimci cewa rahamar da ake nufi tana riga cancanta zuwa. Akwai kuma tanzihi, wato tsarkake Allah daga kama da halitta, wanda aya ta 11 ta Suratush Shura da babi na 40 na littafin Ishaya suka ƙarfafa, wanda kuma Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya yi wa dogon bayani cikin harshen Larabci a littafinsa Dalalatul Ha'irin.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan tarayya, domin ɓoye ta ha'inci ne ga kowane ɓangare. Aƙidar Triniti, wato imanin Kirista cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da imaninsu da gicciye Almasihu da tashinsa, su ne ginshiƙan Kiristanci, Alƙur'ani kuma ya ƙi su a fili, kamar yadda Yahudanci da Kiristanci ba su karɓi annabcin Annabi Muhammadu (SAW) ba, addinin Buda kuwa bai gina koyarwarsa a kan Mahalicci ba sam. Tarihin Indiya ya adana misalai biyu na yadda ake tunkarar irin wannan saɓani. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, inda ya sharɗanta wa kansa kawo maganarsu yadda suke faɗarta, ya kuma ruwaito cewa masu ilimi a cikinsu sun yi imani da Ubangiji ɗaya marar farko da ƙarshe, ba tare da ya bar aƙidarsa ko ya ɓoye inda suka rabu ba. Yarima Dara Shiko, ɗan Sarki Shah Jahan, ya sa hannu aka fassara littattafan Ufanishad zuwa Farisanci a 1657, aiki mai daraja, amma ya zarce har ya ce su ne ɓoyayyen littafin da Suratul Waƙi'a ta ambata, fassarar da malaman tafsiri ba su san ta ba. Hanyar al-Biruni ce abar koyi, domin ta ba kowane nassi haƙƙinsa.

A zamanin nan, Majami'ar Katolika ta fitar da sanarwar Nostra Aetate a 1965, inda ta bayyana girmamawarta ga Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, sannan a watan Oktoba na 2007 malaman Musulunci 138, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka aika wa shugabannin Kirista wasiƙar da ta ɗauko sunanta daga aya ta 64 ta Ali Imrana, suka kafa hujja da nassosin ɓangarorin biyu. Mai jin Hausa yana da wata dama da mutane da yawa ba su da ita, domin Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi tana hannun jama'a, kuma da sunan Allah ake kiran Ubangiji a masallaci da majami'a. Duk da haka yawancin abin da kowane ɓangare ya sani game da littafin ɗan'uwansa daga bakin masu jayayya ya ji shi, a yanke, ba tare da abin da ke gaba da bayansa ba, kuma garuruwa kamar Kaduna da Jos sun ɗanɗana kuɗar wannan jahilci da rayuka.

Saboda haka ana kira ga jami'o'i da kwalejojin horar da limamai da fastoci su sanya karatun nassosin juna cikin manhajarsu, a ƙarƙashin malamin da ya yi imani da littafin da ake karantawa, ana kuma roƙon duk mai hawa mumbari ko bagade da kada ya jingina wa wani littafi magana sai ya buɗe shi ya ga wurin da idonsa.