Jawabi: Darasin Korar Shugaba Darman Daga Maiduguri

Jama'a 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal,

Ran 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka tsallaka da shi iyaka zuwa Cadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Shi kuwa a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, alhali NPN ke riƙe da Gwamnatin Tarayya. Yaƙin basasa na ci a Cadi, tsoron baƙi ya cika zukata, saboda haka zargin ya sami masu saurare. Amma Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa.

Me ya sa masu mulki ke yawan nuna wa talakawa abokin gaba a ƙetare? Na farko, tsoro yana tara jama'a a bayan shugaba. Na biyu, yana ba da damar shafa wa ɗan hamayya kashin kaji. Na uku, yana kau da hankali daga tsadar abinci da rashin aiki. A Janairun 1983, da kuɗin man fetur ya ja baya, zaɓe kuma ya gabato, sai aka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu mutanen Gana.

Barazana ta gaskiya takan auku, kamar shigar sojojin Libiya birnin Njamena a 1980. Sai dai mai neman abinci a garin wasu ya kamata ya tambayi hujja kafin ya yi tafi, domin shi ma baƙo ake ce masa a unguwarsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wassalam.