Makarkatar Hayaƙi a Jikin Tankar Yaƙi: Yadda Ake Ɗaura Ta



In an ambaci tankar yaƙi, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne igwa da kaurin sulke. Ni kuwa yau ta bayanta zan kewaya da ku, wajen da hayaƙi ke fita, mu duba wani faifan ƙarfe da ake ɗaura mata domin ya juya hayaƙin zuwa inda ake so. Bari mu kira shi makarkatar hayaƙi.

Tankar da ta fi bukatarta ita ce Abrams ta Amurka, wadda ta shiga aiki a 1980. Injinta dangin na jirgi mai saukar ungulu ne, mai ƙarfin doki 1,500, iskar da yake fesowa ta baya kuwa takan kai zafin digiri 500 ko kusa da haka. Sojan ƙasa da ya raɓe a bayanta don neman kariya daga harsashi, wuta ce za ta tarye shi. Haka kuma in tana jan 'yar'uwarta da ta lalace, zafin kan babbake fentin ta bayan, ya ɓata gilasan da direba ke hange da su. Saboda haka kafin a fara ja, sai an sa makarkatar da za ta tura iskar sama.

To, yaya ake ɗaura ta? Ba a yi mata walda. Akwai ragar ƙarfe a mafitar hayaƙin, a jikin sandunanta ake rataye faifan da ƙugiyoyi, sa'an nan a ƙulle shi don kada ya zame. Wanda bai san ƙarfe ba zai ce ai walda ta fi ƙarko, amma lissafi ya ƙi. Ƙarfe mai tsawon mita 1, in zafinsa ya ƙaru da digiri 500, yakan miƙe da kimanin milimita 6. Faifan siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi, gangar jikin tanka kuwa kauri gare ta, ba ta ko motsa ba. In an liƙe su gam, kullum aka ta da inji ɗaya na ja ɗaya na turjewa, har waldar ta tsage. Don haka ne injiniyoyi kan bar wa ƙarfe mai zafi wurin numfashi: ramin noti a yi shi da ɗan tsawo, a sa masa washa mai hana kwancewa, domin girgizar sarƙa a kan tsandauri ba ta barin noti ya zauna lafiya. Ban da wannan, kowane maƙeri ya san ƙarfen da aka ba ruwa ya yi tauri, in aka sake gasa shi laushi yake yi. Sulken tanka ma haka yake, ba kowane mai walda ake bari ya kusance shi ba. Ga kuma bakanike, wanda tilas ya cire faifan cikin hanzari in zai buɗe inji.

Inda gardama take shi ne, ina za a karkata hayaƙin? In aka tura shi sama, an tsirar da sojan da ke baya, amma an ɗaga tutar zafi wadda na'urar gani da dare da jirgi maras matuƙi ke hangowa, kamar yadda yaƙin Yukiren ya nuna tun daga 2022. In aka tura shi ƙasa, duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota da rani tsakanin Achika da Wudil ya san abin da zai biyo baya. Ƙura za ta tashi ta tona asirin ayarin, ta toshe matatar iskar injin, busasshiyar ciyawa kuma tana iya kamawa da wuta. In kuwa faifan ya matse mafitar da yawa, sai injin ya shaƙe, ƙarfinsa ya ragu.

Nan ne nake jan hankalin ɗalibanmu na injiniya. Sojan Nijeriya sun sayi Vickers daga Ingila a shekarun 1980, suka samo T-72 wajen 2014 da 2015 saboda yaƙin arewa maso gabas, sa'an nan VT-4 ta iso daga Sin a 2020. Duk da man gas suke aiki, zafin hayaƙinsu bai kai na Abrams ba. T-72 kuwa ta gefen hagu take fitar da nata, bisa sarƙa, kuma ta wannan kafa ce take fesa man gas ya zama farin hayaƙin da take ɓuya a ciki. Wanda ya kwaikwayo faifan Amurka ya manna mata, lalle zai iya toshe mata wannan dabara. A ganina, aikin da ya kamaci makarantar sojan sulke ta Bauci da kamfanin DICON na Kaduna, wanda aka kafa a 1964, shi ne su auna zafi da ƙura a ƙasarmu, da hunturu da bazara, kafin a yanka ko da taki ɗaya na ƙarfe.